Kai Yaro Wurin Marubucin da Yake So Don Ya Sa Masa Hannu a Littafi: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na iyaye ne da yayye da malaman makaranta waɗanda yaransu suka kamu da son littattafan almara, irin masu dodanni da aljanu da ƙasashen da babu su a taswira, har ta kai yaro ya ji labarin marubucin zai zo gari ya tasa kowa a gaba sai an kai shi. Yawancin bayanin ya shafi yadda ake yi a Birtaniya da Amurka, inda al'adar ta fi kafuwa, sai kuma abin da ake samu a Najeriya.

Mene ne taron sa hannu a littafi, kuma da me ya bambanta da bikin ƙaddamarwa da muka saba?

A bikin ƙaddamar da littafi irin namu akwai shugaban taro, da uban taro, da mai sharhi, da babban mai ƙaddamarwa wanda zai tashi ya sayi kwafi kaɗan a kan kuɗi masu yawa a yi masa tafi. Manya ne a gaba, kuma da wuya ka ga yaro ya matsa kusa da marubucin.

Taron sa hannu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Teburi ne guda, da kujera, da tulin littattafai, da alƙaluma, da kofin ruwa. Marubuci ya zauna, masu karatu su yi layi, kowa ya miƙa littafinsa a rubuta masa suna a sa hannu, a yi 'yar gajeriyar magana, na baya ya matso. Sau da yawa akan fara da zama na kamar awa ɗaya inda marubucin zai karanta wani yanki na littafin ya amsa tambayoyin yara, sannan a koma teburin. A wannan layi ɗan shekara 9 da farfesa matsayinsu ɗaya, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. Abin da ya fi burge ni da tsarin ke nan.

A ina ake yin irin wannan taro?

Wuri uku ne aka fi yi: shagunan littattafai, makarantu da ɗakunan karatu, da kuma bukukuwan littattafai. A Birtaniya shagunan Waterstones suna yi a kai a kai, a Amurka kuma Barnes & Noble da ƙananan shaguna masu zaman kansu. Cikin bukukuwa akwai na Edinburgh a Sikotland, wanda aka fara a 1983 kuma ake yi a watan Agusta, da na garin Hay a Wales da aka fara a 1988, ana yin sa wajen ƙarshen Mayu. Dukansu suna da ɓangaren yara mai faɗi, kuma al'adarsu ce marubuci ya sauko daga dandamali ya wuce kai tsaye wurin sa hannu.

Ga masu zuwa ƙasashen Larabawa, baje kolin littattafai na Alƙahira ya faro tun 1969, na Sharja a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma tun 1982. A Sharja ne a 2019 marubuta 1,502 suka zauna lokaci guda suna sa hannu a littattafansu, abin da ya shiga kundin Guinness.

A gida Najeriya akwai bikin Aké da Lola Shoneyin ta kafa a Abeokuta a 2013, ya koma Legas daga 2018. Akwai KABAFEST, bikin littattafai da fasaha na Kaduna, da aka fara a 2017, da HIBAF, bikin littattafai da fasahar Hausa, wanda shi ma a Kaduna ya fara a 2021. Shagon Roving Heights a Legas da Abuja yana karɓar marubuta su yi karatu su sa hannu. Hanya mafi sauƙi ta sanin ranar ita ce bin shafin marubucin da na kamfanin da ya wallafa littafin da na shagon, domin sanarwar kan fito makonni kafin ranar, kuma gurbi kan cika da wuri.

Kyauta ne ko sai da tikiti? Dole ne mu sayi littafin a wurin?

Ya danganta da girman sunan marubucin. Wanda bai yi fice sosai ba, yawanci kyauta ne, ka shiga shago ka bi layi. Wanda ya shahara kuwa sai da tikiti, kuma sau da yawa kuɗin tikitin ya haɗa da kwafin sabon littafin. Wasu shagunan kan yarda a zo da tsofaffin littattafai daga gida amma su ƙayyade adadi, ɗaya ko biyu, da sharaɗin an sayi sabon a wurinsu. Kada ku ga laifinsu. Su suka ɗauki nauyin wurin da ma'aikata, cinikin ranar ne ribarsu, kuma shi ne kamfanin wallafa zai duba kafin ya sake turo musu wani marubucin.

Ku karanta ƙa'idojin da ke jikin tikitin tun daga gida. Ba daɗi yaro ya ɗauko littattafai bakwai a jaka, a bakin ƙofa a ce masa guda ɗaya kawai.

Layin yana da tsawo? Minti nawa za mu samu da marubucin?

Ku shirya wa doguwar tsayuwa da gajeriyar ganawa. Awa ɗaya ko biyu a layi ba abin mamaki ba ne idan marubucin sananne ne, ganawar kuma sau da yawa ba ta cika minti ɗaya ba. Lissafin a fili yake: mutum 300 a layi, kowa a ba shi rabin minti, an ci awa biyu da rabi ke nan ba tare da marubucin ya ɗaga kai ya sha ruwa ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne na J.K. Rowling a daren fitowar littafi na bakwai na Harry Potter, 21 ga Yuli 2007. A gidan adana kayan tarihin halittu na Landan aka yi, kuma saboda yawan masu so sai da aka yi ƙuri'a aka zaɓi mutum 1,700. Ta fara da karatu da tsakar dare, sannan ta zauna tana sa hannu har gari ya waye.

Ku tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa, a kai yaro bayan gida kafin a shiga layi, kuma idan lokacin sallah zai riske ku a ciki, ku je ku biyu domin ɗaya ya riƙe wuri. Mai keken guragu, ko yaron da hayaniya da cunkoso ke tayar wa hankali, a gaya wa ma'aikatan tun da isowa. Yawanci sukan shigar da su gaba ko su ba su wurin zama har layi ya iso.

Yaya za a yi marubucin ya rubuta sunan yarona daidai?

Kuna cikin layi za ku ga wani ma'aikaci yana bi da ƙananan takardu masu manne da biro, yana tambayar sunan da za a rubuta. Zai liƙa takardar a shafin da ke ɗauke da sunan littafin, ya bar littafin a buɗe a nan domin kada a ɓata lokaci a teburi. Ku karɓi biron ku rubuta da kanku, da manyan baƙaƙe. A'isha kaɗai ana rubuta ta hanya uku ko huɗu, haka Muhammad, haka Khadija, kuma Bature ko Ba'amurke ba zai san wadda kuke so ba. Idan sunan yana da harafi mai lanƙwasa, kamar Ɗahiru ko Ƙasimu ko Bilƙisu, ku zana lanƙwasar ta fito sosai, yaron ya nuna ta da yatsa. Marubuta mutane ne masu son haruffa, ba abin mamaki ba ne wannan ya zama abin da za a fara hira a kansa.

Ku tambayi yaron sunan da yake so. Wata yarinyar Fatima ce a makaranta amma Ummi ce a gida, kuma littafin nata ne.

Me yaro zai ce idan ya isa gaban teburin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, domin a nan ne manya suka fi ɓata wa yara rana da kyakkyawar niyya.

Ga yadda abin kan kasance. Yarinya ta yi wata guda tana ƙirga kwanaki. Ta karanta littafin har gefensa ya yi baƙi. An iso teburi, marubuciya ta ɗago kai ta yi murmushi, kafin yarinyar ta haɗiye miyau sai Baba ya sa baki: "Tana son littattafanki ƙwarai, ta karanta duka, ita ce ta ɗaya a ajinsu, gaya mata mana, Ummi!" Marubuciya ta amsa wa Baba cikin ladabi, ta sa hannu, ma'aikaci ya ce na gaba. An fito, yarinyar ba ta ce uffan ba. Baba ya yi hira da marubuciyar da bai taɓa karanta shafi ɗaya na littafinta ba.

Ku tsaya taki ɗaya a baya. Ku riƙe jaka da waya, ku bar littafin a hannun mai shi. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro ya sunkuyar da kai ya yi shiru a gaban babba, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a wannan wuri babban ya zo ne takanas domin ya ji muryar yaron. Ku gaya masa haka tun a gida: yau an yarda ka yi magana, an yarda ka dube shi.

Sai ku taimaka masa ya shirya abu ɗaya tak da zai faɗa. Gaisuwa, sannan jimla guda. Wadda ta fi tasiri ita ce wadda ta kama wani abu takamaimai a cikin littafin: wane ne ya fi so a cikin labarin da dalili, wane wuri ne ya ba shi tsoro har ya rufe littafin, wace mutuwa ce har yanzu bai yafe ba. Marubuci ya ji "ina son littafinka" sau ɗaruruwa a ranar. Amma yaron da ya ce "ban ji daɗin yadda ka bar ƙanen nan shi kaɗai a cikin kogo ba" ya nuna masa cewa wani ya shiga duniyar da ya gina ya zauna a ciki.

Idan tambaya yake so ya yi, ku duba tare ko marubucin ya riga ya amsa ta sau da yawa. "Daga ina kike samun labaranki?" ita ce ta fi yawo. Ɗauki Cressida Cowell, mai jerin littattafan How to Train Your Dragon da suka fara fitowa a 2003 suka kai goma sha biyu. Ta sha ba da labarin cewa tana ƙarama iyalinsu kan yi hutu a wani ƙaramin tsibiri da ba kowa a yammacin Sikotland, babu lantarki babu waya, mahaifinta yana ba su labaran mayaƙan teku na zamanin da da na dodanni masu aman wuta a cikin kogunan dutse, kuma tun tana 'yar shekara takwas ko tara ta fara rubuta nata. Yaron da ya san wannan zai iya tambayar abin da ya wuce nan: ko ta taɓa jin tsoro a tsibirin da daddare, ko wane dodo ne ya fi ba ta wahalar zanawa, tunda ita take zana hotunan littattafanta.

Idan ya daskare ya kasa magana fa, ko ya fashe da kuka?

Yana faruwa kullum, har da manya. Marubutan yara sun saba, kuma yawancinsu suna da 'yan tambayoyin da suke jefa wa mai jin kunya: shekarunka nawa, wanne ka fi so, kai ma kana rubutu? Ku ba shi daƙiƙa biyar na shiru kafin ku sa baki. Idan abin ya gagara, ku ce a hankali, "Akwai abin da ya rubuto miki," ya miƙa takardar. Shi ya sa yana da kyau ya rubuta jimlarsa tun a gida ya sa a cikin littafin.

Bayan an fito kada a yi masa faɗa, kada kuma a mayar da abin labarin ban dariya a gida. Ya ga mutumin da idonsa, ya ga hannun da ya rubuta labarin yana rubuta sunansa. Gani ya kori ji.

Za a gaisa hannu da hannu? Za a iya ɗaukar hoto?

Ba dole ba ne musafaha. Da teburi a tsakani, hannun marubucin kuma yana riƙe da alƙalami, wasunsu ma ba sa son a yi ta matsa musu hannun da zai yi awanni yana rubutu. Wanda addininsa ko al'adarsa ba ta ba shi damar gaisawa da wani jinsi ba, ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗan rusuna da murmushi, ya wadatar, babu wanda zai ɗauke shi da rashin ladabi.

Hoto kuwa ƙa'idar wuri ce. Wasu kan yarda a tsaya a ɗauka, wasu sai dai a ɗauka daga gefe yana cikin rubutu, wasu kuma ma'aikaci ne zai karɓi wayar ya ɗauka. Ku buɗe kyamarar tun kuna layi, ku kashe walƙiyarta. Kada ku zagaya bayan teburi sai an ce ku zo. Kuma ku kula da 'ya'yan mutane da suka faɗo cikin hoton kafin ku ɗora a Facebook ko WhatsApp.

Littafin nasa ya tsufa, bango ya yage, akwai tabon miya. Ba abin kunya ba ne mu kai shi haka?

Ko kaɗan. Tsohon littafi shaida ce ta an karanta shi, kuma don a karanta aka rubuta. Idan ƙa'ida ta ce sai an sayi sabo, ku saya, amma ku bar yaro ya zaɓi wanda za a sa wa hannu. Sau da yawa yagaggen zai zaɓa, domin da shi ya kwana.

Abin da ya kamata ku duba shi ne ko littafin na jabu ne. Kasuwanninmu cike suke da bugun satar fasaha, musamman na littattafan da suka yi suna a waje, kuma iyaye da yawa suna saya ba da sani ba. Alamominsa: rubutu ya yi dishi-dishi ko ya karkace, takarda ta yi shara-shara har ana hango bayan shafi, launin bango ya koɗe, shafuka suna zubewa tun karatun farko, farashi kuma ya yi arhar da ba ta da dalili. Marubuci ba ya samun ko kwabo daga irin wannan kwafi, kuma yana iya ƙin sa masa hannu. Gara a gano a gida da a ƙi yaro a gaban jama'a a kan laifin da ba nasa ba.

Ni fa hankalina bai kwanta da littattafan da ke cike da sihiri da mayu ba. Ya dace in ƙara masa ƙaimi ta hanyar kai shi wurin marubucin?

Damuwa ce ta gaskiya, kuma ba a kanku farau ba. A Amurka ma iyaye Kiristoci da dama sun nemi a cire littattafan Harry Potter daga ɗakunan karatun makarantu saboda wannan dalili. Hukuncin abin da ɗanku zai karanta naku ne, kuma abin da ya shafi addini malamai ne za a tambaya.

Abin da zan iya faɗa shi ne wannan. Mu ma da labaran abin da ba zai yiwu ba muka tashi. Gizo yana magana, Ƙoƙi tana ba shi amsa, Dodo yana haɗiye gari guda, kuma babu yaron da ya tashi daga gaban kakarsa yana neman Dodo a bayan gida da rana tsaka, domin buɗewar tatsuniya da rufewarta sun koya masa inda ƙarya ta fara da inda ta ƙare. Littattafanmu na ƙagaggun labarai na boko ma da haka suka soma: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito ne daga gasar rubutu ta 1933, Magana Jari Ce kuma aku ne yake ba da labaran cikinsa. An karantar da su a makarantu shekara da shekaru.

Littattafan almara ba duka suka zama ɗaya ba. Akwai na 'yan shekara 7, akwai na matasa masu ɗauke da kisa da soyayya da tambayoyi masu nauyi game da addini, kuma bangonsu kan yi kama. Ku duba shekarun da aka rubuta a bayan littafin, ku karanta babi biyu ko uku da kanku, ku tambayi yaron me ya fahimta. Idan kun gamsu da littafin, to ganin marubucin yana da wata fa'ida ta daban: yaro zai ga cewa wannan duniya mai ban al'ajabi wani mutum ne mai tabarau da ciwon baya ya zauna ya ƙirƙire ta, ya goge, ya sake rubutawa. Babu abin da ke raba wa yaro ƙage da gaskiya kamar wannan, kuma daga nan ne wasu ke fara tunanin su ma za su iya.

Zai iya kai masa kyauta, ko labarin da shi ma ya rubuta?

Wasiƙa ko zane, e, su ne suka fi. Suna shiga jaka, ana karantawa a masauki. Abinci kuwa a bar shi, domin da wuya baƙo ya ci abin da bai san inda ya fito ba, kuma mai tafiya daga gari zuwa gari ba shi da wurin ɗaukar kaya masu nauyi.

Dogon labari da yaro ya rubuta yana son a karanta a ba shi ra'ayi, wannan yawanci ba a karɓa. Lokaci babu, sannan marubuta da yawa suna guje wa karanta labaran da ba a wallafa ba don kada gobe a ce sun saci dabarar wani. Ku bayyana masa wannan tun da wuri. Abin da zai iya yi shi ne ya ce, "Ni ma ina rubuta labari," ya nemi shawara guda. Cressida Cowell, lokacin da take riƙe da kambun jakadiyar adabin yara ta Birtaniya daga 2019 zuwa 2022, ta yi ta kira da a ba kowane yaro littafin rubutu na kansa, ya riƙa rubuta abin da ya ga dama ko ya yi zane na minti 15 duk Juma'a, malami bai sa jan biro a ciki ba. Ba sai an je Landan ba kafin a gwada wannan a gida.

Mun je, amma marubucin ko kallon kirki bai yi mana ba. Wasu ma an ce hatimi ake buga musu. Wannan ba raini ba ne?

Wani lokaci gajiya ce, wani lokaci rashin lafiya. Terry Pratchett, marubuci ɗan Birtaniya wanda ya ci Carnegie, lambar yabo ta adabin yara, da wani littafinsa kuma ya yi suna wajen daɗewa a teburin sa hannu, ya sanar a ƙarshen 2007 cewa yana fama da wani nau'in cutar mantuwa, daga baya rubuta saƙo ga kowane mai karatu ya gagare shi. Ya rasu a 2015. Wanda ya same shi a waɗannan shekaru bai san halin da ake ciki ba zai iya cewa girman kai ne.

Akwai kuma marubutan da jama'arsu ta yi yawan da layi ba zai yiwu ba, sai su sa hannu a kwafi dubbai kafin taro, a raba a ƙofa, su kuma su yi magana daga dandamali. Tikiti kan faɗi haka ƙarara, shi ya sa na ce a karanta shi.

Sai kuma wanda dai hali ne, ba shi da sakin fuska. Iya rubutu daban, iya mu'amala daban. Idan yaro ya dawo jiki a sanyaye, kada ku zagi marubucin a gabansa, kada kuma ku ce masa bai ga abin da ya gani ba. Ku ce da alama ya gaji, ku bar shi ya yanke wa kansa ko zai ci gaba da karanta littattafan. Yawanci sukan ci gaba.

Littafin da aka sa wa hannu yana yin tsada nan gaba?

Kaɗan ne ƙwarai ke yi. Abin da ke sa tsada shi ne ƙarancin kwafi haɗe da shahara. Bugun farko na littafin Harry Potter na ɗaya, a 1997, kwafi 500 ne kacal masu bango mai tauri, kusan 300 daga ciki ɗakunan karatu aka kai, shi ya sa aka sayar da guda a gwanjo a Amurka a kan dala 471,000 a Disamba 2021. Sabon littafin da aka buga dubu ɗaruruwa, marubucin ya sa hannu a dubbai, ba zai bi wannan sahu ba. Masu tara littattafai don sayarwa sukan fi son sa hannu zalla ba suna. Ni dai shawarata a rubuta sunan yaron, a sa kwanan wata idan marubucin ya yarda.

Marubutanmu na Hausa fa, ana iya samun su haka?

Sun ma fi sauƙin samu. Masu rubuta labaran jarumai da aljanu da yaƙe-yaƙe suna nan da yawa a Kano da Kaduna da Katsina da Zariya da Sakkwato, kuma da dama suna halartar zaman karatu na rassan Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zaman da aka shirya domin yara su kaɗai. Shugaban makaranta ko mai kula da ɗakin karatu zai iya cike wannan giɓi da abu kaɗan: a gayyaci marubuci, a biya masa kuɗin mota da ɗan abin hasafi, a sayi kwafi daga hannunsa, a ajiye teburi a inuwa, a hana jawabai. Ranar littattafai ta duniya, 23 ga Afrilu, dalili ne mai kyau na farawa. A dai tantance littafin tukuna, domin yawancin waɗannan labarai don manya aka rubuta su.

Ga masu karatu da Turanci, Nnedi Okorafor, 'yar asalin Najeriya haifaffiyar Amurka, ta rubuta almarar matasa da ke faruwa a Najeriya, akwai ma wadda ta kafa a Nijar ta shekarar 2070, kuma kamfanin Cassava Republic na Abuja ya wallafa wasu littattafanta a gida.

Ba za mu iya zuwa ba, nesa ta yi yawa. Akwai wata hanya?

Akwai. Shagunan da ke karɓar marubuta sukan sa su sa hannu a ƙarin kwafi bayan taro, kuma ana iya yin odarsu ta intanet, wasu har da sunan yaro idan an nema kafin ranar. Bukukuwa irin na Edinburgh da Hay suna watsa wasu zamansu ta intanet.

Sannan akwai wasiƙa. C.S. Lewis, mai labaran Narnia, ya riƙa amsa wasiƙun yara da hannunsa har zuwa shekarar da ya rasu, 1963, kuma an tattara wasu an buga su a littafi. A yau ana aika wasiƙa ne ta adireshin kamfanin wallafa, wanda ke shafin farko-farko na littafin, a rubuta sunan marubucin a sama. Yaro ya rubuta da hannunsa, shafi ɗaya, ya faɗi sunansa na farko da shekarunsa da garinsu da abin da ya fi so a labarin. Adireshin da za a maido amsa ya zama na makaranta ko na ofishin babba, ko imel ɗin mahaifi. Amsar tana iya ɗaukar watanni, tana iya zuwa a matsayin bugaggiyar takarda da ake aika wa kowa, tana iya kuma ƙin zuwa, don haka ku ɗauki hoton wasiƙar kafin a rufe ambulan, ku kuma gaya masa duk wannan kafin a kai gidan waya.